Wa Za a Fara Sallama? Ra'ayi a Kan Rabon Lokaci a Cikin Wayar Hannu

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a yau, ya san cewa wayar hannu ta daɗe da tashi daga kayan ƙawa, ta koma kayan sana'a. Tun daga shekarar 2001 da aka fara amfani da wayar salula a Nijeriya, abin ya yi ta ratsa ƙauyuka sannu a hankali, har ya zamana dillalin masara a Doguwa da ita yake jin farashi, mai sayar da shinkafa a Tudun Wada da ita yake karɓar kuɗi, masunci a Tiga da ita yake kiran mai saye, mai POS a Kwanar Ɗangora kuwa ita ce shagonsa baki ɗaya. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, bayan sauya fasalin naira, ya ƙara tura mutane da yawa ga waya, ko suna so ko ba sa so.

Akwai kuma wani kuka guda da ake ji a bakin kusan kowa: wayata tana cijewa, wayata ta yi nauyi, na taɓa ba ta amsa ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce ma'ajiyar wucin-gadi, wadda 'yan kasuwa ke kira ram, ta yi kaɗan, ko kuwa sabis ne ba shi da ƙarfi. Lalle akwai gaskiya a cikin wannan. Amma akwai dalili na uku da ba a cika ambato ba, watau yadda babbar manhajar waya take raba lokacinta tsakanin ayyukan da suke jiran ta. A kan wannan dalili na uku ne wannan maƙala za ta yi magana. Ra'ayina shi ne, santsin fuskar waya hukunci ne na rabo kafin ya zama sha'anin ƙarfi, kuma daidai ne a fifita fuska a wajen rabon, muddin fifikon yana da iyaka, kuma muddin da wayar talaka aka auna shi.

Yadda Hoto Yake Motsi a Fuskar Waya

Abin da ido yake gani kamar motsi a fuskar waya jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa cikin sauri. Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi suna sabunta fuskarsu sau 60 a cikin sakan ɗaya. In aka raba sakan gida dubu, aka kira kowane kashi milisakan, to kowane hoto yana da milisakan 16 da 'yan kai kawai domin a lissafa shi, a zana shi, a miƙa shi ga fuska. Wayoyin da ke sabunta fuska sau 90 suna da kimanin milisakan 11, masu sau 120 kuwa kimanin milisakan 8 kacal. Fuska ba ta jiran kowa. In lokaci ya yi sabon hoto bai iso ba, sai ta sake nuna tsohon. Wannan maimaici shi ne ido yake gani kamar tsalle ko tuntuɓe sa'ad da mutum yake jan shafi da ɗan yatsa. Ni a nan zan kira shi in'inar fuska, domin kamarsa ɗaya da mai in'ina: maganar tana nan, fitarta ce ba ta zuwa a kan kari.

Kamfanin Google, mai babbar manhajar Android, ya daɗe yana yaƙi da wannan in'ina. A shekarar 2012, cikin Android 4.1, ya ƙaddamar da wani shiri da ya yi wa laƙabi da man shanu, inda aka ɗaure dukan aikin zane da bugun agogon fuska, domin kowa ya fara aikinsa a lokaci guda. A shekarar 2014, cikin Android 5.0, aka ware wani ma'aikaci na musamman da zai riƙa miƙa umarnin zane ga injin hoto, domin a rage wa babban ma'aikacin manhaja kaya. Har ila yau akwai doka a cikin Android cewa in manhaja ta yi sakan 5 ba ta amsa taɓin mai waya ba, sai a fito da sanarwa cewa ta daina amsawa, a tambayi mai waya ko a rufe ta ko a jira. Duk wanda ya riƙe ƙaramar waya ya san wannan sanarwa.

Zare da Mai Rabo

Kowace manhaja tana karkasa aikinta zuwa jerin umarni daban-daban waɗanda za su iya tafiya kafaɗa da kafaɗa. Masana suna kiran kowane jeri da sunan zare, kuma kalmar ta zauna daram a Hausa, domin kamar yadda masaƙi yake haɗa zaruruwa su ba da ƙyalle guda, haka zaruruwan aiki suke haɗuwa su ba da abin da muke gani. Akwai zaren da ke sauraron taɓin yatsa, akwai zaren zane, akwai na sauti, akwai mai sauko da saƙo daga intanet, akwai mai adana hotuna. A cikin waya guda ana iya samun ɗaruruwan zaruruwa a lokaci ɗaya. Ƙwaƙwalwar waya kuwa hannuwa huɗu ne da ita, ko takwas, kuma kowane hannu zare ɗaya yake iya riƙewa a lokaci guda. Tilas ke nan a sami wanda zai ce wane ne zai shiga, wane ne zai dakata, kuma har tsawon wane lokaci. Wannan shi ne mai rabo.

Android an gina ta ne a kan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a shekarar 1991. Daga shekarar 2007 Linux ta yi amfani da wani mai rabo da Ingo Molnar ya rubuta, wanda ma'anar sunansa ita ce mai cikakken adalci, kuma a shekarar 2023 aka maye gurbinsa da wani sabo a Linux 6.6, wanda yake ƙara kula da wa'adin kowane zare. A tsoho da sabo duka, kowane zare yana ɗauke da wata lamba da ta tashi daga -20 zuwa 19. Na ga ya dace a kira ta lambar kawaici, domin gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda zaren yake kau da kai ya bar wa wasu. Zare mai lamba 19 ya fi kowa kawaici, mai lamba -20 kuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wanda ba a ce masa komai ba yana kan sifiri.

Kowace lamba tana da nauyinta a ma'aunin mai rabo. Sifiri nauyinsa 1024. Lamba 10, wadda Android ta ware wa ayyukan bayan fage, nauyinta 110. Lamba -4, ta aikin fuska, nauyinta 2501. Lamba -8, ta aikin fuska na gaggawa, 6100. Lamba -10 kuwa, wadda ake ɗaga babban zare da zaren zane na manhajar da ke gaban mai waya zuwa gare ta, nauyinta 9548. Sauti ya fi duka waɗannan matsayi, domin an ba shi -16, na gaggawa kuma -19. Kowane mataki guda yana ƙara nauyi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Bari mu ƙaddara misali domin abin ya fito fili. A ce zaren zane yana bukatar aikin milisakan 6 domin ya gama hoto, ga kuma wasu zaruruwa huɗu suna takara da shi a hannu ɗaya, kowa yana kan sifiri. Rabonsa kashi ɗaya cikin biyar ne, saboda haka aikin milisakan 6 zai kai shi wajen milisakan 30, watau fuska ta riga ta maimaita tsohon hoto. In aka ɗaga shi zuwa -10, sai rabonsa ya koma kimanin kashi 70 cikin ɗari, ya gama a ƙasa da milisakan 9. In kuma aka sauke sauran huɗun zuwa 10, rabonsa ya haura kashi 95 cikin ɗari. Waya ɗaya ce, ƙwaƙwalwa ɗaya, batir ɗaya. Tsarin layi kawai aka sauya, sai in'ina ta ɓace.

Dalilin da Ya Sa Fifita Fuska Yake Daidai

Wani zai ce ai wannan son kai ne, kuma adalci shi ne a raba daidai. Ni ban yarda ba. Bahaushe bai taɓa ɗaukar rabon daidai-wa-daida a matsayin adalci a kowane hali ba. Mai shago da ke da kaya a bayan kanti yana jiran a jera, ga kuma mai saye a tsaye, ba ya cewa zai ba kowa minti guda-guda. Mai saye yake fara sallama, domin kaya ba sa fushi, mutum kuwa yana yi. A cikin waya, zaren fuska shi ne wakilin mutumin da ke tsaye. Hoton da ake adanawa a bayan fage in ya makara da rabin sakan babu wanda zai sani. Taɓin yatsa in ya makara da rabin sakan, mai waya zai sake taɓawa, kuma a nan ne ɓarna take shigowa.

Ga wanda yake kallon wasa don nishaɗi, in'inar fuska ɓacin rai ce kawai. Ga mai tura kuɗi a tsakiyar kasuwa, abin ya wuce nan. In fuska ta cije yana cikin rubuta lambar asusu, ya danna lamba sau biyu ko ta tsallake ɗaya, to ko dai ya koma farko alhali layi yana jiransa, ko ya aika da abin da bai yi niyya ba. Da yawa daga cikin na'urorin POS na zamani ma Android ce a cikinsu, saboda haka wannan mai rabo da muke magana a kai yana zaune a teburin kowane mai POS daga Kofa har Riruwai. Kamfanin Apple ma, a tasa babbar manhajar, tun shekarar 2014 ya kasa ayyuka zuwa aji-aji, ya sa aikin da mutum yake mu'amala da shi kai tsaye a sama, aikin bayan fage a ƙasa. Manyan gidajen biyu sun bi hanya daban, sun iso ga hukunci ɗaya.

Inda Fifiko Yake Zama Illa

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Akwai illoli uku da nake ganin duk mai gyara wannan tsari ya kamata ya kiyaye.

Ta farko ita ce, fifiko ba ya da daraja sai in ya yi ƙaranci. Kowane marubucin manhaja yana ganin tasa ce ta fi muhimmanci, kuma yana iya ɗaga zaruruwansa. In zaruruwa biyar duka suka koma -4, to kowa ya koma kashi ɗaya cikin biyar, kamar dai ba a yi komai ba, sai dai an ƙara danne waɗanda suka yi kawaici. In kowa a gari ya zama mai unguwa, babu mai unguwa ke nan. Hanyar da ta fi inganci ga marubucin manhaja ita ce ya sauke ayyukansa na bayan fage zuwa 10, ya kuma cire duk wani aiki mai nauyi, kamar karanta ma'ajiya ko jiran intanet, daga kan babban zare. Ɗaga matsayin zaren da yake zaune yana jiran sabis ba ya ƙara masa komai, domin mai rabo lokacin aiki yake rabawa, ba ya kawo sabis.

Ta biyu ita ce juyewar fifiko. Yakan faru ƙaramin zare ya riƙe mabuɗin wani abu da babban zare yake bukata. Babba ya tsaya yana jiran ƙarami ya gama, ƙarami kuma ba ya samun shiga domin wasu matsakaita sun tare hanya. Sakamako shi ne matsakaici ya sha gaban babba. Wannan matsala ta taɓa kama na'urar Pathfinder da Amurka ta sauke a duniyar Mars a watan Yuli na shekarar 1997, inda kwamfutarta ta riƙa kashe kanta tana tashi, sai da injiniyoyi suka aika da gyara daga nan duniya. Maganin da suka yi shi ne aron girma: duk ƙaramin da ya riƙe abin da babba yake jira, sai a ara masa matsayin babban har ya gama ya saki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ɗan aiken hakimi, ko yaro ne, ana buɗe masa hanya, domin an san wanda yake jiransa. Darasin shi ne, wanda ya danne na ƙasa fiye da kima, wata rana kansa zai danne.

Ta uku ita ce fifikon da ba shi da linzami. A cikin Linux akwai wani aji na daban, mai matakai daga 1 zuwa 99, wanda duk zaren da aka sa a cikinsa yana shiga gaban kowa da zarar ya farka, kuma ba ya sauka sai ya gama, ko wanda ya fi shi mataki ya zo. Android tana sa wasu ayyukanta ƙalilan a wannan aji, kamar mai haɗa hotunan fuska da wasu zaruruwan sauti. Saboda haɗarinsa, Linux ta saba keɓe milisakan 50 a cikin kowane sakan ga sauran zaruruwa, domin kada zare guda da ya haukace ya kulle na'ura gaba ɗaya. Injiniyoyin Android sun taɓa gwada sa zaruruwan fuska na manhajar da ke gaba a wannan aji. In'ina ta ragu, amma buɗe manhaja ya ƙara jinkiri, domin mai rabon wannan aji a lokacin bai san bambancin manyan hannuwa da ƙanana ba, sai ya riƙa ɗora babban aiki a kan ƙaramin hannu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Darasin Madatsar Tiga

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a je har Mars kafin su fahimci sha'anin rabo, domin babban misalinsa yana ƙofar gidansu. Kogin Kano yana ratso dajin Falgore, ta ƙasashen Doguwa da Tudun Wada, kafin ya iso Tiga a ƙasar Bebeji, inda aka datse shi tsakanin shekarar 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan babbar hanyar ruwa ta ɗauki kaso zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, wani kaso kuma ya bi kogi zuwa ga ruwan shan birnin Kano. An fifita waɗannan bukatu, kuma amfanin fifikon a bayyane yake ga duk wanda ya ga shinkafa da alkama da tumatir na wannan yanki.

Sai dai can ƙasa, a fadamun Haɗejiya da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu bayan gina Tiga, sa'an nan aka ƙara da madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye a shekarar 1992. Wanda yake tsaye a Kadawa zai ce tsari ya yi kyau, domin abin da idonsa yake gani kore ne shar. Wanda yake Nguru labarinsa daban ne. Ruwa bai ƙaru ba don an gina madatsa. An dai zaɓi wanda zai fara sha.

Haka lokacin ƙwaƙwalwar waya yake. Fuska ita ce gonar da ke kusa da madatsa, wadda kowa yake gani. Ayyukan bayan fage su ne mutanen ƙasan kogi. Wasu masu ƙera waya, domin fuska ta yi santsi a hannun mai saye, batir kuma ya daɗe, sukan matsa wa ayyukan bayan fage lamba fiye da yadda Android ta tsara, har su riƙa rufe manhajoji da zarar an kashe fuska. Rufe manhaja da rage mata matsayi abubuwa biyu ne daban a wajen masana, amma tunani ɗaya ne ya haife su. Sakamakon shi ne saƙon shigar kuɗi ba ya isowa sai an buɗe manhaja, saƙon murya da aka aika ya tsaya a hanya, fayil da ake saukowa da shi ya yanke. A wurin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa, kamar ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, ɗan lokacin da sabis ya leƙo shi ne damar da aikin bayan fage yake da ita. In a lokacin an rufe shi, dama ta wuce. Mai sayar da hatsi da ya riƙe buhu yana jiran shaidar biya, ba santsin fuska ne damuwarsa ba a wannan lokaci.

Wayar Talaka Ita Ce Ma'auni

Akwai masu cewa duk wannan dogon bayani ne, magani shi ne mutum ya sayi babbar waya. Gaskiya ne babbar waya tana rufe asirin mugun tsari, domin in hannuwa suna da ƙarfi kowa yana gamawa da wuri, layi ba ya tsawo. Amma wannan shawara ce ta mai ƙoshi. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a, waɗanda ake sarowa daga kasuwar Farm Centre ta Kano zuwa garuruwanmu, su ne irin su Tecno da itel da Infinix na kamfanin Transsion da ke Shenzhen ta ƙasar Sin, tare da tsofaffin wayoyi na hannu. Ƙananan cikinsu da yawa suna tafiya ne da Android Go, wadda Google ya fitar a ƙarshen shekarar 2017 domin wayoyin da ma'ajiyarsu ba ta wuce giga ɗaya ba, daga baya aka ɗaga iyakar. Tun shekarar 2011 kamfanin ARM ya fito da tsarin haɗa manyan hannuwa da ƙanana a ƙwaƙwalwa guda, amma da yawa daga cikin wayoyi masu arha ƙananan hannuwa ne zalla a cikinsu.

Daɗin daɗawa ga zafi. In ƙwaƙwalwar waya ta ɗauki zafi, da kanta take rage gudu domin kada ta lalace. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, wayar da ke kan teburin mai caji ko a aljihun ɗan acaba ta riga ta yi zafi tun kafin a ba ta aiki. Saboda haka hannuwan da dama ƙanana ne sun ƙara raguwa. A irin wannan hali ne ingancin mai rabo yake bayyana, kamar yadda ba a sanin gwanin rabon tuwo sai ranar da baƙi suka fi tukunya yawa. Tsarin da aka gwada a ɗaki mai sanyi, a kan waya mai tsada, da intanet mai ƙarfi, bai ci jarrabawa ba tukuna.

Abu na ƙarshe a nan shi ne sauti. Jama'armu masu saurare ne tun zamanin rediyo, kuma da yawa waɗanda ba su yi nisa a karatun boko ba da saƙon murya suke gudanar da harkokinsu. Ido yana iya yafe hoto guda da ya ɓace, kunne kuwa yana jin ƙaramar yankewa nan take. Masu tsara Android sun yi daidai da suka sa sauti a sama da fuska. Duk mai ƙera waya ko mai gyara da zai taɓa waɗannan lambobi don fuska ta ƙara sheƙi, bai kamata ya saya da kuɗin kunne ba.

Ina Ruwan Sashen Hausa?

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su ce ina ruwan biri da gada, wannan magana ta 'yan kimiyyar kwamfuta ce. Amsata ita ce, abin da mutum ba shi da sunansa ba ya iya yin ciniki a kansa. Yau in Bahaushe ya je sayen waya, tambayoyinsa uku ne: giga nawa, kyamara nawa, batir yana daɗewa? Ba ya tambayar ko tana riƙe saƙo in an kashe fuska, ko tana in'ina in ta yi zafi, domin ba a ba shi kalmomin ba. Haka mai gyaran waya a Tudun Wada, in aka kawo masa waya mai cijewa, sau da yawa abin da ya sani shi ne ya goge ta gaba ɗaya, alhali wataƙila manhaja guda ce take cinye rabon kowa, ko kuwa saitin tanadin batir ne yake rufe manhajar banki.

An yi aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya da fasaha a Hausa a jami'o'inmu tun shekarun baya, kuma aikin bai ƙare ba. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, zare da mai rabo da lambar kawaici da in'inar fuska da aron girma, shawara ce na gabatar domin a tattauna, a gyara, a karɓa ko a kawo waɗanda suka fi su. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da na aro daga waje. Harshen da ya san kara da kawaici da rabon gado da rabon ruwa a lambu, yana da kayan aikin bayyana yadda kwamfuta take raba lokaci.

Kammalawa

A taƙaice, ga matsayina. Daidai ne a fara sallamar fuska, domin ita ce wakiliyar mutumin da ke tsaye yana jira. Amma fifikon ya tsaya ga zaruruwa ƙalilan, a same shi ta hanyar sa na baya su yi kawaici maimakon kowa ya ɗaga kansa, a kuma bar wa na ƙasan kogi rabon da zai ishe su kai saƙo. Ga masu ƙera waya da marubuta manhajojin banki da na kasuwanci, kirana shi ne su gwada kayansu a kan mafi ƙanƙantar waya, cikin zafin bazara, a wurin da sabis yake da rauni. Ga mai saye, kafin ya biya ya buɗe manhajoji uku ko huɗu, ya ja shafi sama da ƙasa ya ga ko tana in'ina, sa'an nan ya kashe fuska ya sa a turo masa saƙo ya ga ko zai shigo. In ya riga ya saya, ya shiga saitin batir ya cire manhajar bankinsa da ta saƙonni daga cikin waɗanda ake taƙaitawa. Ga mu ɗaliban Hausa kuwa, namu shi ne mu samar da kalmomin da manomin Doguwa da ɗan kasuwar Ƙiru za su yi wannan tambaya da su, su kuma gane amsar da aka ba su.